Baƙin Ramin da Na Gano a Wata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Kin sha yi mini tsiya wai na girma ina ƙirga ramukan wata. To, yau na samu abin faɗa. Aikinmu shi ne mu ɗora tsohon hoton wani wuri a kan wata da sabonsa a kwamfuta, mu riƙa sauya su da sauri. Abin da ya ɓullo a sabon kaɗai, rami ne da dutse ya faɗo ya haƙa. Ranar Talata na kanne idon hagu yadda na saba, sai ga rami baƙi ƙirin a tsakiyar hoton. Don zumuɗi ban tsaya sauyawar ba, na miƙa rahoto.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: babu farar ƙasar da kan fantsama kewaye da sabon rami.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Shugabarmu ta dawo mini da rahoton. Mutum uku sun duba, ba su ga komai ba. Raina ya ɓaci, har na kira su makafi, Allah ya yafe mini. Da suka fita cin abinci na zauna na yi sauyawar. Ramin yana cikin sabon hoto, yana cikin tsoho. Na ja hoton gefe, bai bi shi ba, ya tsaya daidai inda nake kallo. Ya kuma fi na ranar Talata faɗi.

Yaya, shekarun Baba nawa lokacin da ya fara cewa a goge masa tabarau, alhali a goge yake? Tsoro nake ji.

Auta

Yaya,

Ina fatan kowa lafiya. Arba'in da uku kika ce. Saura mini wata biyu in cika su.

Zan ga likita ranar Litinin. Kada Inna ta ji tukuna.

Yau da safe ƙaramar 'yata ta rugo ta nuna mini giɓin haƙorinta na farko da ya fita. Ban kanne ido ba, duka biyun a buɗe suke. Na ga kunnuwanta, na ga wuyan rigar makarantarta. Inda bakinta yake kuwa, ramin nan ne zaune. Na ce mata giɓin ya yi mata kyau, ta tafi tana tsalle.

Ki gaishe da yara. In za ki ba ni amsa, ki rubuta da manyan baƙaƙe.

Ƙaninki,
Auta