Wurin da Dattawa Suka Ƙi Takawa

Zuwa ga ƙawata Nneka, Maman Emeka, a duk inda wannan takarda ta same ki.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da yara. Ni ce Rifkatu, wadda kuka zauna benci ɗaya a makarantar mishan, wadda ta riƙe Emeka ranar baftismarsa. Ba ni da adireshinki. Mutum ɗaya ne yake da shi a Kafanchan, ya kuma ce mini ya ɓata. Shi ya sa na aika wa jarida, ko wani ma'aikacin reluwe zai gani ya kai miki. Da Hausa na rubuta, domin da ita muka yi wasa muka yi faɗa, kuma ina so mutanen layinmu su karanta ba sai an fassara musu ba.

Na sayi gidanku.

Kin san ina koyarwa a Godogodo lokacin tashin hankalin da ya kore ku, shekara takwas ke nan. Bana aka dawo da ni gari. Dattijo Bulus na majami'armu, wanda mijinki Felix ya bar wa makulli, ya nuna mini takardarki ta izinin sayarwa. Na gane hannunki. Na tambaye shi labarin Felix, ya gaya mini abin da ya ce ya rubuta miki: wai ya shiga jirgin ƙasa kwana biyu bayan naku, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai tsufa. Kwanon ya yi tsatsa, tagogin katako sun kumbura, amma jan bulon nan ko tsaga babu. Lemon da kika shuka ya wuce rufin kicin. Dattijo ya yi ta yabon unguwar kamar ba a cikinta na girma ba. “Malama, komai kusa. Makaranta ga ta, kasuwa ga ta, tasha, asibiti, majami'a. Ko keke ba kya bukata.” Gaskiya ya faɗa. Ban san cewa duk wanda zan zo in ji tsoronsa ma yana kusa haka ba.

Kin tuna yadda ake miƙa gida a nan. Takarda kaɗai ba ta isa, sai dattawan layi sun zaga iyaka da ƙafa, mai saye yana biye, kowa ya shaida. Su shida suka zo, na majami'a da na masallaci, har da Malam Sule mahauci da Baba Dogo mai sanda. Muka bi jikin katanga ɗaya bayan ɗaya, ana ta raha a kan macen da ta sayi gida ba miji.

A bayan kicin, tsakanin katanga da lemon, akwai fili kamar tsawon tabarma. Ba dutse, ba tudu, ciyawa ce kawai. Dattijo Bulus yana gaba, ya zo nan ya kauce. Malam Sule ya kauce. Na uku ya kauce, bakinsa bai ma daina dariya ba. Baba Dogo, da gurguwar ƙafarsa, ya gwammace ya kutsa cikin ƙaya. Ni da nake baya na miƙe abina, sai na ji an damƙe mini hannu. Dattijo ne, ya dawo da gudu. “Malama, akwai cinnaka.”

Na duba ƙasa, Nneka. Ko tururuwa ɗaya babu.

Ke ma a nan aka haife ki, kin san mu. A cikin gida kakanninmu suke binne nasu, kuma tun yaro yana tatata ake marinsa in ya taka kabari. Mutum zai iya ɗora hannu a kan Littafi ya yi ƙarya, na ga masu yi. Amma ba wanda ya koya wa ƙafafun tsofaffin nan ƙarya. Su shida suka shaida mini iyakar gida, suka kuma shaida mini wani abin da ban tambaye su ba.

Bayan mako guda kafinta ya hau silin zai toshe yoyo, ya sauko da akwatin ƙarfe ɗaure da igiya. Kwat ɗin Felix na Lahadi yana ciki a ninke, da hularsa ta aiki, da hoton aurenku. A sama kuma takalman Emeka ne, jajayen nan da yake ƙin cirewa ko zai kwanta. Da alama kin manta su a gaggawar tafiya, uban ya ɗauka zai kai masa. Na zauna a ƙasa da su a cinyata har kafinta ya ji kunya ya fita. Wanda ya shiga jirgi ba ya barin wannan akwati.

Ban tona ba, ban kuma san wanda ya yi ba. Wataƙila ma waɗanda suka rufe shi alheri suka yi masa a ranar da alheri yake da haɗari. In haka ne, me ya hana su faɗa? Shekara takwas suna barinki kina tambayar fasinjoji. Suna cin jibin Ubangiji a majami'a, suna sallah a masallaci, suna wucewa ta ƙofar nan safe da yamma.

Na tambayi Dattijo a gaban majami'a. Tun ranar gaisuwa ta canja. Daga gida zuwa makaranta ƙofa goma sha ce, a da kowacce sai na tsaya, yanzu labule nake gani yana motsi. Shugabar zumuntar mata ta kawo mini paten acha, ta ce, “'Yata, an ce a yafe.” Na ce, Mama, na yarda, gaya mini wa zan yafe wa, kuma me ya yi. Ta bar kwanonta ta tafi.

Shekaranjiya mai amalanke ya sauke buhunan siminti a ƙofata. Wai kyautar maƙwabta ce, a daɓe mini bayan kicin saboda macizai. Na mayar, suka dawo da shi. Yana nan a baranda, an lulluɓe shi da tamfol, ba ni na lulluɓe ba. Jiya kuma hedimasta ya kira ni, yana kallon tebur, ya ce ana maganar tura ni ƙauyen Nok bayan hutun Kirsimeti. Ranar da na kulle gidan nan na hau mota, magini zai shigo, na sani.

Nneka, 'yar'uwata, ba ni da ikon taɓa ƙasar nan. Wanda yake ƙarƙashinta naki ne, na Emeka ne. Na san abin da nake roƙo, ki sake shiga jirgin da kika rantse ba za ki ƙara shiga ba. In ba za ki iya ba, ki aiko Emeka, ai ya zama saurayi. Ko layi ɗaya ki aiko da sa hannunki, ki ce Rifkatu, tona. Zan kira fasto da ɗan sanda, a yi da rana tsaka, ƙofa a buɗe.

Ubangiji ya kai miki wannan takarda kafin tawa ta canjin aiki ta iso. Ya ba ki ƙarfin karanta ta har ƙarshe. Wanda yake kwance a bayan kicin ɗinki, Allah ya ba shi hutawa. Su shidan kuma ya ba su tsawon rai da lafiyar harshe, har ranar da za ki tsaya a gabansu.

Taki har abada,
Rifkatu,
Kafanchan.