Kifin Baba Ya Yi Ido

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya maigida da yara? Mu nan Argungu lafiya, sai kewa.

An mai da zauren da marigayi Baba ke zanen ƙorai ɗakin kallo, don bukin 'yancin kai. Mai fenti daga Birnin Kebbi ya zana alamarsa a allon ƙofa, kifin nan marar ido. Yaya, sai ya sa mai ido! Har na bango, zanen hannun Baba, ya ɗiga wa baƙi. Wai mantuwa ce ya gyara.

Baban da bai taɓa sa wa zanensa ido ba, yakan ce, "Ido na Mai ba da rai ne."

Inna ta daina bi ta zauren.

Ki gai da kowa, ki yi muna addu'a. Ni har yau na kasa haɗa ido da kifin.

Ƙanwarki,
Kulu