Bakin Kifin Malama Tordis

Ragna tawa, ranar Yunina mai ƙin faɗuwa, iskar teku mai wanke ƙirji, zumar da ke kan burodina,

Jiya na bi ta gefen makarantarmu, na hango ki ta taga kina koya wa yara lissafi, alli duk ya ɓata miki hannun riga. Wayyo ni! Nan take na koma ɗan aji biyu, ga ni kusa da ke a benci, safar hannunmu na bushewa a gefen murhu.

Kin tuna ranar da Malama Tordis ta zana mana alamar "ya fi"? Ta ce bakin kifi ne mayunwaci, kullum babbar lamba yake hangame wa. Kika ɗaga hannu kika ce, "Malama, kifin da Baba ke kamawa ba ya zaɓe, har takalmi yake haɗiyewa!" Na yi dariya har na faɗo ƙasa, aka kore mu waje mu biyu. A can kika ɗauki tsinke, kika zana mini sauran alamomin a kan dusar ƙanƙara. Alamar sau, wai ta tarawa ce ta yi tatul ta karkace. Ta rabawa kuwa ni da ke ne da katanga a tsakani, saboda ƙarnin man kifin da Inna ke ɗura mini. "Kai dai kanka dutse ne," in ji ki, amma ba ki bar ni ba sai da na gane.

Birni ya ɗauke ki shekara da shekaru, bana kika dawo riƙon aji, zuciyata ta yi fure kamar ciyawar bakin gaɓa. Yanzu kuma wai Lahadi za ki bar tsibirin nan? Haba Ragna! Shugabar makaranta ta roƙe ki ki zauna, yara sun roƙa, to ga nawa roƙon: ki zauna, ki aure ni. Tagata na kallon teku, rufina ta kusurwa ɗaya kawai yake yoyo.

In kuwa kin dage, kin san ni ke tuƙa jirgin fito. Ni zan ɗauki akwatinki, ni zan tsallakar da ke. Sai dai ki sani, tun da aka ƙera jirgin nan bai taɓa jan ciki irin wanda zai yi a ranar ba.

Naki har abada, ko kina wannan gaɓar ko waccan,
Eilif