Igiyar injin markaɗe

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 2025

Igiyar tayar da inji ta ƙi komawa. Na ja da safe, ta fito gaba ɗaya, ta tsaya tana reto kamar harshen akuya. Bokitan gero da na wake jere a zaure, azumi ya ƙarato, kowace mace so take a yi mata nata. Haka na tsaya ina ba su haƙuri suna kwashe kayansu suna yin gidan Sa'adiyya na bayan layi. Ita da ta sayi injinta bara!

Na kira mijina, Baban Jamila. Waya a kashe. Tun bayan babbar sallah ya tafi Fatakwal wai aikin mota, ya bar ni da uwarsa da 'yarsa da wannan tsohon ƙarfe.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ya Gana, surukata, ta ce kada in kuskura in kwance, kayan maza ne, ɗanta yana hanya. Wace hanya? Na dai buga murfin tukunya yadda za ta ji.

Na aika wa Saleh mai gyara na bakin tasha. Sai la'asar ya zo, ko tsugunnawa bai yi ba. Wai sifirin da ke mayar da igiya ne ya mutu, sai an samo sabon murfi, kuma shi yanzu injinan ban ruwa na mutanen fadama sun cika masa rumfa. Ya kwance murfin ya jefar a gindin bango, ya nuna mini yadda zan riƙa naɗa igiya a bakin injin in fizga. Har da dariya: "Ai Hajiya ki bari Maigida ya dawo."

Talata, 25 ga Fabrairu

Dabarar Saleh. Fizga ta uku igiyar ta zabge ni a gefen ido. Saura ƙiris. Na zauna a kan turmi ina kuka, ba don zafin ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ido a kumbure. Matar maƙwabci ta leƙo tana tambaya ko Baban Jamila ya dawo ne. Na gane nufinta. Ko dukan ma ai sai mutum yana gida.

Baban Jamila ya ɗauki waya yau. Hayaniya a bayansa, ana ta dariya. Ya ce in yi haƙuri, zai turo wani abokinsa ya duba. Bai tambayi idon ba, ni ma ban faɗa ba. Tsakinsa kawai nake ji tun da na ambaci inji, kamar ba da shi ake ci a gidan nan ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na ɗauko murfin daga gindin bango, na nemo sufana a buhun kayansa. In ya lalace ya lalace, dama a lalacen yake.

Da na cire faifan robar da igiya ke naɗuwa a kai, sifirin ya yi tsalle ya warware, ya yanke ni a yatsa, ya tafi har ƙarƙashin randa. Na zage shi, na zagi mai shi. Da na duba ashe bai karye ba. Gari ne da ƙullu da tsatsa suka daskare a ciki, sannan ƙugiyar bakinsa ta miƙe ta saki wurin da take kamawa. Saleh ko buɗewa bai yi ba! Na wanke da kalanzir, na lanƙwasa ƙugiyar da filaya. Amma mayar da shi cikin gurbinsa ya gagara. Ina naɗawa, da na kusa gamawa sai ya fice. Yatsuna duk jini da baƙin mai.

Ya Gana tana kan tabarma tana jan carbi, wai ba ta kallona. Can sai ta ce, "Kaltum, daga waje ake farawa." Na ce me? Ta taso da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ce tun suna Damasak, kafin gudun hijira, take riƙe wa mijinta irin wannan na injin ban ruwa. Ta danne da babban yatsanta ina naɗawa, ya shiga ya kwanta. Ta ce in murɗa faifan har ya yi tauri kafin in zura igiya, kada in saki. Da na zura igiyar na saki a hankali, sai ta shige da kanta, zuruf.

Na ce, "Ya, kin sani tun Lahadi kika yi shiru?"

Ta goge hannu da gefen zani. Ta ce, "Na ɗauka in an bar shi a lalace ɗana zai dawo."

Na so in yi mata masifa. Na buɗe baki, sai na ga idonta. Na shiga ɗaki.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ja ɗaya ya tashi. Wasu matan sun dawo, wasu sun zauna wa Sa'adiyya. Su ƙarata. Saleh ya wuce ta ƙofar gida ya ji ƙara, ya leƙo yana tambaya wa ya gyara. Na ce masa aljanu.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Markaɗen ƙosai tun hantsi, bayana kamar zai tsinke. Ya Gana ta jawo kujerarta zaure, ita ke tsara layin bokitai, tana yi wa mata faɗa da Barbarci. Har yanzu haushinta nake ji, ban manta ba. Na dai dama mata kunun tsamiya mai kauri yadda take so, don ni ma shi nake sha'awa.

Abokin nasa bai zo ba. Shi kuma Baban Jamila ya kira ana gab da shan ruwa, ina tsaka da niƙa. Ya Gana ta miƙo mini wayar. Na nuna mata hannuna duk ƙullu. Ta tsaya tana kallon wayar tana ƙara, har ta katse, sannan ta ɗora ta a kan taga ta turo mini bokiti na gaba.