Hannun Hagun Kulu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
12 ga Fabrairu, 1978.

Zuwa ga Husaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya nauyin jiki? Ina fata ƙafar ta daina kumburi. Yaya Baba da Inna da mutanen Gwarzo baki ɗaya? Ni lafiyata lau, in ban da shinkafar da nake dafawa, wadda ko kajin maƙwabta sai sun yi shawara kafin su ci. Tun da kika tafi goyon ciki gidan nan ya yi mini faɗi.

Kin san Mista Kehinde, mai makarantarmu kuma hedimasta, ba ya rabo da sabon tsari. A zangon nan ya taɓa manhaja: daga aji huɗu an daina rubutu da fensir, sai alƙalami mai shan tawada. Biro kuwa ya haramta shi, wai shi ke lalata hannun yaro. Ya ce iyaye ba su kawo 'ya'yansu makarantar kuɗi don su riƙa rubutu kamar tonon kaza ba. Ni kuma, don a san da ni a taron malamai, na kawo shawarar a buɗe ajin taimako, rabin awa bayan an tashi, saboda yaran da aka bari a baya. Ya yaba, ya damƙa mini ajin. Ranar da ƙyar kaina ya shiga hula.

Akwai wata yarinya a ajina, Kulu, 'yar Malam Tanko direban tifa da ke zaune a Tarauni. Shekararta tara, kanta yana ja a lissafi, sai dai bahaguwa ce. Lokacin fensir ba wanda ya damu. Da tawada ta zo, gefen hannunta sai ya riƙa bi ta kan abin da ta rubuta tun bai bushe ba, shafi ya dame, hannun riga ya yi shuɗi. Na sa ta a ajin taimako, na ce ta koma dama. Da na juya baya sai ta mayar da alƙalamin hagu. Na sa ta zauna a kan hannun, ta zare. Ƙarshe na sami wani ƙyalle, kullum ina ɗaure mata wuyan hannun a jikin benci. Ba da ƙarfi ba, wallahi, kuma ban taɓa dukanta ba.

Na gaya wa kaina gata nake yi mata, don ba a son 'ya mace da hagu. Amma mako biyu ke nan ba ta ɗaga hannu a darasin lissafi ba, ita da a da sai na ce ta bari wasu su amsa. Abin yana ɗan ci mini rai, shi ya sa na faɗa miki.

Ki gaida Baba da Inna, ki riƙa shan maganin da aka ba ki. Allah ya raba lafiya.

Naki,
Mu'azu.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
9 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga Husaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Yaya baƙuwar tamu, tana barinki ki runtsa? Na iso gida lafiya bayan suna, ki ƙara yi wa Inna godiyar hidima.

Da na zo kin tambaye ni labarin Kulu, na ce komai ya daidaita. Ƙarya na yi miki, Husaina. Kin ce da ni in kwance ƙyallen nan tun a wasiƙarki ta farko, na yi dariya na ce ke ba ki san aikin koyarwa ba. To ga abin da masanin ya aikata.

An yi jarrabawar ƙarshen zango. Kulu ta rubuta da dama, a hankali, harafi ɗaya sai ta yi gumi. Babu takardar da ta kai rabi kafin a buga ƙararrawa. A lissafi tambaya ashirin aka ba su, bakwai ta samu ta taɓa, kuma bakwai ɗin nan duk daidai ne. Na gani da idona, na ba ta bakwai, na wuce ta gaba. Cikin yara talatin da huɗu ta zo ta talatin da ɗaya. A takardar sakamako, wurin bayanin malami, na rubuta cewa ba ta da ƙoƙari, kuma duk da taimakon da ake ba ta ba ta ci gaba ba. Hedimasta ya sa hannu, aka buga hatimi.

Ban rubuta haka don na yarda da shi ba. Na rubuta ne don in ba laifinta ba ne, to na ajin taimako ne, ajin taimako kuwa nawa ne.

Ranar da aka yi hutu ina gyara kabad na ci karo da littattafanta na aji uku, na fensir. Husaina, rubutun ya fi nawa kyau. A jiki malaminsu na bara ya rubuta cewa ta zo ta huɗu. Na zauna a kan bencin yara, na rasa inda zan sa kaina.

Ban gama da wannan ba sai ga Malam Tanko shekaranjiya har ƙofar gida, ya faka tifarsa a bakin titi, ya shigo da buhun dankali a ka. Bai yi boko ba, wani maƙwabcinsa ne ya karanta masa takardar. Godiya ya zo yi mini, wai na faɗa masa gaskiya ban ɓoye ba. Ya ce tun farko 'yan'uwansa sun hana shi sa ta, ya ƙi ji, yanzu ga shi malami da kansa ya tabbatar. Ya yanke shawarar ba za ta dawo ba, zai kai ta ƙauye wajen kakarta. Ya durƙusa yana sa mini albarka. Na karɓi dankalin, har na raka shi mota.

Buhun yana nan a zaure, na kasa kwance shi. Ki yafe mini ƙaryar da na yi miki, ki kuma sa ni a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Mu'azu.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
7 ga Mayu, 1978.

Zuwa ga Husaina,

Sallama irin ta mai kewa. Ina fata kuna lafiya ke da 'yar taki, da Baba da Inna. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Ba ki zage ni ba, kuma da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi abin da kika ce.

Na fara da Mista Kehinde. Na kai masa littattafan nan da takardar lissafin, na faɗa masa komai, har ƙyallen. Ya dube ni ta saman tabarau. Ashe bai ma san yarinyar bahaguwa ce ba. Ya ce da na zo masa tun a Janairu, da sai ya ce a bar ta da fensirinta, magana ta ƙare, don rubutu mai tsabta yake nema, ba ruwansa da hannun da ya yi shi. Taku ashirin ne daga ajina zuwa ofishinsa, wata uku ban yi su ba. Bai kore ni ba, amma ya karɓe ajin taimako ya ba wata malama. Ya kuma rubuta sabuwar takarda zuwa ga uban, cewa laifin ba na yarinyar ba ne.

Ran Asabar na hau keke na tafi Tarauni. Na sami Malam Tanko a ƙarƙashin tifarsa yana gyara. Na ce masa na cuci 'yarsa, na gaya masa yadda na ɗaure mata hannu. Kin san me ya yi? Ƙara godiya ya yi. Ya ce shi ma ya yi fama da hagun nan a wajen cin abinci ya gaji, Allah ya saka mini. Na zo neman gafara na rasa wanda ya ga laifin. Da na karanta masa sabuwar takardar sai ya ce ya gane, tausayi ne ya kama mu, amma ta farkon ita ce ta gaskiya. Na yi ta roƙo har aka kira la'asar. Ƙarshe don ganin girmana, girman da ban cancanta ba, ya yarda ta ƙara zango ɗaya. In ta ci jarrabawar shiga aji biyar ta zauna, in ta faɗi ba ya son ya sake jin maganar.

Ta dawo ran Litinin. Na roƙi alfarma a bar ni da ita rabin awa bayan an tashi. Na sayi sabon fensir, na fere shi da kaina. Na zauna a gabanta na ce na yi kuskure, daga yau ta rubuta da hannun da ta ga dama, ba mai hana ta. Ba ta dube ni ba. Na miƙa mata fensirin ta wajen hagu. Sai na ga ta ɗago hannun, zuciyata ta yi fari, na ce alhamdu lillahi. Ashe ba fensirin za ta karɓa ba. Jikin benci ta kai wuyan hannun ta kwantar, daidai inda na saba ɗaurewa, ta sunkuyar da kai tana jira.

Husaina, na fita bayan aji na yi kuka. Yau kwana shida, kullum haka take yi. Saura mako bakwai jarrabawa, kuma har yanzu ba ta taɓa fensirin da hagu ba.

Ki gaida Baba da Inna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Mijinki,
Mu'azu.