Fuskarka a Takardar Yaƙin Pavia

Augsburg, 19 ga Maris, 1525

Zuwa ga ƙanena Veit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka tsaye da ƙafafunka, ya kare ka daga mashi da harsashi da zazzaɓin sansani. Mu nan muna lafiya. Matata Afra ta sauka a watan Janairu, an sami mace, an sa mata Ottilia. Tarin Kawu Endres ya lafa tun da ƙanƙara ta fara narkewa. Inna ce ba lafiya, kuma saboda ita nake wannan rubutu, wanda sau uku ina farawa ina tashi.

Za ka tuna shekara shida da suka wuce, da ka kwanta yini biyu a daɓen maɗaba'ar Maigida Utz, mai zane yana zana ka a matsayin sojan da doki ya tattake, kana ta tsokanar mu wai ba ka taɓa samun aikin da ya dace da kai kamar na gawa ba. Ni na sassaƙa katakon buga hoton da hannuna, har da tsagar kunnenka. Don wani yaƙi dabam aka buga shi, aka ajiye. To, da labarin yaƙin Pavia, can inda rundunarku take, ya iso, Utz bai jira sabon zane ba. Ya zaro tsohon katakon, ya canja rubutun sama kawai, kafin in ankara an sayar da ɗari huɗu a kasuwa. Walburga mai burodi ta sayi ɗaya, ta ruga gidanmu da kuka, ta shimfiɗa wa Inna a cinya.

Yau kwana goma sha ɗaya Inna ba ta shan komai sai romo cokali biyu. Maƙwabta sun ɗauka tsananin azumin kafin Ista ne. Ta kafa takardar a bango, ta kunna kyandir a ƙasanta, ta kuma je wurin Fadan coci ta roƙi a yi maka addu'ar mamata. Da ƙyar na shawo kansa ya jinkirta sai bayan Ista.

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na fara da kunnen: na ce tsagar Veit a hagu take, ta wannan kuwa a dama, ban gaya mata bugu ne ke juya hoto ba. Ta ce in rufa mata baki, ita ta haife ka, ko a kife aka zana ka ta san ɗanta. Sai na ɗauko katakon kansa na kai mata, na nuna mata inda gara ta ci da inda ya tsage don tsufa. Ta daɗe tana shafa fuskar da yatsa. Can ta ce ashe tun shekara shida na kashe mata kai da wuƙata, yanzu ne dai labari ya zo.

Na tunkari Utz. Ya yi dariya, ya kira ni limamin masassaƙa, ya ce yaƙi ai yaƙi ne, doki ko'ina ƙafa huɗu gare shi, in nuna masa mutum ɗaya a Augsburg da ya san kamannin Pavia. Da na ambaci Inna sai ya bar ni na ƙwaƙule fuskarka na dasa wani guntun katako mai gemu. Amma ɗari huɗun nan suna bangon mutane.

Ga abin da ya hana ni sukuni, Veit. Zan iya tabbatar wa kowa cewa hoton ƙarya ne, amma ba zan iya tabbatar da cewa kana raye ba. Tun Oktoba rabonmu da jin ɗuriyarka. Duk wanda ya tsallako duwatsu na tare shi a ƙofar gari. Wani ya ce mutanenmu kaɗan suka faɗi, wani ya ce ba su ƙirguwa. Don Allah ka rubuto da wannan mummunan rubutun naka, kada ka sa magatakarda, ka kuma sa kwanan wata. Layi biyu sun isa. Ka ba fataken tufafi masu dawowa daga Milan, sun fi kowa sauri. Ista saura mako huɗu, kuma ban san ko jikin Inna zai kai ba.

Afra tana gaishe ka, haka Kawu Endres da Gwaggo Apollonia. Ka gaishe mini da Kunz ɗan maƙeri in kuna tare. In kuwa ba Veit ne ya buɗe wannan takarda ba, kai bawan Allah da ke karantawa, ka taimaka ka aiko amsa maɗaba'a da sunana. Kada ka aika gida.

Yayanka mai jiran ka,
Lienhart