Gyambon Iya

Kirikasamma, Agusta 1947

Zuwa ga mai ɗakina Safara'u,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Birniwa, yaya jikin ƙanwarki da jaririnta? Mu kam kogi ya cinye hanya, kifi na zuwa gaisuwa har ƙofar ɗakin magani.

Ki daure. Bayan tafiyarki Iyarki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Mai irin wannan ciwo, in ba a juya shi ana wanke shi ba, kwanciya ce ke huda masa baya. Wannan aka fara koya mana kafin riƙe allura. Matan unguwa suna fadama ceton shinkafa, maƙwabciyarmu Yakaka kuwa tsufa bai bar ta ɗaga ko tulu ba. Saura ni, kuma Iya ta ce suruki ba zai ga bayanta ba. Na karanto mata daga littattafan fiƙihu cewa ni muharraminta ne. Ta juya wa malaman nan duka ƙeya.

Ki nemi kwalekwale.

Mijinki, Gwadabe

Safara'u,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Gyambo ya buɗe, Yakaka ta ce ya kai tafin hannu. Dagaci ya ba ni shawara in kira ƙarti su danne ta, kamar za a yi wa saniya huji. Na ƙi. Wanda ke cikin hankalinsa ya ce kada a taɓa shi, ba a taɓa shi, haka aikinmu yake. Ga ni malamin asibiti guda, ina zaune bayan zana ina jin warin abin da na iya warkarwa. Ba na iya cin tuwo. Don Allah ki zo.

Gwadabe

Safara'u,

Allah ya sa wannan ta same ki a hanya. Zazzaɓi ya rufe Iya kwana uku da suka wuce, ta daina gane kowa. Na shiga da ruwan ɗumi da gishiri, na juya ta. Ina cikin wanki ta farfaɗo, ta gane ni sarai. Na cire hannu, na ce in ta ce in fita zan fita. Sai ta sa hannunta mai lafiya ta jawo mayafi ta rufe fuskarta, ta gyara kwanciya don in ci gaba.

Yanzu safe da yamma haka muke yi, ba mai ganin fuskar wani. Amma na ga ƙashi a gyambon, Safara'u. Kada ki tsaya jiran ruwa ya janye.

Naki, Gwadabe